Tayoyin Kawu Masani

Tana ƙarama ta fara jin sunan, ranar da mahaifiyarta ta leƙa taga ta ce, "Ku ɓoye rediyon nan, ga Masani ya shigo layi." Ta daɗe tana zaton sunan yanka ne. Sai da ta girma ta gane dangi ne suka raɗa wa kawunta, don girmama mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" ba tun da ya iya magana.

Kuma ya cancanta. Shi ne ya gyara fankar gidansu har ta koma juyawa baya. Shi ya koya wa likita yadda ake auna jini, yana kwance a gadon asibiti. Da ya sayi mota kuwa, unguwa ta samu makaranta kyauta.

Abu ɗaya ya hana shi barci: wilin motar, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, irin na kowa ne. Sai ya sayo sababbi guda huɗu, masu ƙyalli kamar tiren baƙi. Da mai faci zai ɗaura su, ya tambaya ko a ciro 'yan na'urorin da ke cikin tsofaffin tayoyin a mayar cikin sababbin, tunda su ne ke sanar da mota idan iska ta ragu.

Kawu ya gyara tsayuwa. "Yaro, ba a haɗa sabo da tsoho. Wannan wilin da kake gani shi ke auna kansa."

Aka jibge tsofaffin a gareji, na'urorinsu a ciki.

Daga nan abin al'ajabi ya fara. Idan ya yi nisa da gida, wata fitila ruwan ɗorawa takan kunna a gaban sitiyari. Idan ya dawo ya faka kusa da tsofaffin tayoyin, sai ta mutu. Wani zai ce motar tana jiyo tsofaffin na'urorinta ne. Kawu ya fi ƙarfin wannan ƙaramin tunani.

"Idon mutane ne," in ji shi. "Mota mai hankali tana gane hassada. Ba ku ga a gida hankalinta kwance yake ba?"

Amma fitilar na zubar masa da girma a gaban fasinja, don haka ya zauna ya yi nazari, ya fito da maganin da babu kamfanin da ya taɓa tunaninsa: zai riƙa yawo da tsofaffin tayoyin. Biyu a but, biyu a kujerar baya. Fitila ta mutu mutus. Ya kira maƙwabta suka shaida.

A makon ne aka kira 'yar ƙanwar tasa ganawar shiga makarantar koyon jinya. Sau ɗaya ake yi a shekara, wanda ya makara kuma sai baɗi. Ta riga ta shirya hawa bas tun da sassafe, Kawu ya ce atafau.

"'Yar ƙanwata a bas? Idan suka ga motar da kika sauko daga ciki, ko tambaya ba za su yi miki ba."

"Kawu, bas ɗin ma yana kaiwa."

"Kaiwa daban, isowa daban."

Mahaifiyarta ta yi mata ido. Ba a musu da yayan uwa. Kujerar gaba kuwa wani abokinsa ya ba, don a samu mai sauraren bayani, ita ta matse a baya da farar rigarta, taya a dama, taya a hagu.

Sun bar gari kenan motar ta fara ja gefe. Sai wani ƙara, ɓaf-ɓaf-ɓaf, daga ƙarƙashinta.

"Kawu, kamar tayar baya ta sace."

Ya nuna gaban sitiyari da yatsa, ko waiwaye bai yi ba. "Kin ga fitila? Babu. To lafiya lau. Na'ura ba ta ƙarya, ɗiyata. Kunne ne ke ƙarya."

Gaskiya ya faɗa. Tayar da ke jingine a kafaɗarta cike take da iska, kuma motar ita take saurare.

Wani mai babur ya wuce yana nuna ƙasa. Kawu ya ɗaga masa hannu. "Ka gani? Wilin yake yabawa."

Haka suka tafi har robar ta yayyage, ƙarfe ya fara karce kwalta, warin ƙuna ya cika motar. Abokin ma ya daina cewa "haka ne". Da suka tsaya, tayoyin canji har huɗu ne a motar, abin da ko motar asibiti ba ta da shi. Jak ɗin ɗaga mota ne kawai babu. An cire shi don tayoyin su samu wuri.

Ta tsaya bakin titi da baƙin shatin taya a hannun rigarta, tana ɗaga wa motoci hannu, rana na ƙara ɗagawa. Da ta isa an rufe ƙofa. Shekara guda ta zauna a gida.

Bai taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta sa rai ba. Abu ɗaya dai ya roƙe ta a ranar, lokacin da wata bas ta rage gudu dominta. Ya miƙo mata wayarsa, ya jingina da motar ta gefen da bai lalace ba, ya gyara wuyan riga.

"Kafin ki tafi, ɗauke ni hoto. Ki durƙusa kaɗan, wilin ya fito sosai."