Yadda Na-Iya Ya Horar da Karen Yayarsa

"Ni da kuke gani, kare ko zaki ne ubansa, in na ɗaga masa gira sai ya durƙusa."

Na-Iya ke nan a shagon aski, rabin kansa da kumfa. Abokina, mutumin nan bai taɓa cewa "ban sani ba". Ka ce masa jirgin sama ya lalace, sai ya tambaye ka ina sifana.

Abin da ya sa shi cika baki, mijin yayarsa ne ya sayo karen gadi, irin ƙattin nan masu kai kamar turmi, fuska a tattare, leɓe na zubar da yawu. Ba ya yawan haushi, kallo kawai yake yi. Mijin kuma ya ce duk wanda ya horar da shi zai zama shugaban masu gadin sitonsa. Na-Iya har ya fara hango kansa cikin hula da usur.

"Yaya, kwana uku kawai za ki ba ni."

"To, Auta, amma ka bi shi a hankali. Irinsu ba sa jin tsawa, lallashi suke so."

"Lallashi? Jariri ne?"

Ranar farko ya tsaya a kan karen ya daka masa tsawa wai ya tashi. Kare ya buɗe ido ɗaya, ya auna shi sama da ƙasa, ya rufe, ya ci gaba da minshari.

"Kin gani? Tsoro ya hana shi motsi."

Rana ta biyu ya ɗaura masa igiya don su zaga gida. Kare ya hango inuwa, ya nufe ta abinsa, ya ja gwanin namu a ƙasa ta cikin shanya har gindin famfo.

"Motsa jiki muke yi," in ji shi, yana cire zanen gado daga kansa.

Rana ta uku Yaya ta tafi kasuwa. Na-Iya ya ce yau za a yi babban gwaji. Da tsakar rana ya naɗe fuska da tawul kamar ɓarawo, ya haura katanga, ya diro.

Ko haushi karen bai yi ba. Ƙirji ya sa ya kayar da shi, ya haye bayansa, ya kwanta. Bai cije shi ba, danne shi kawai ya yi, yawu na ɗiga masa a ƙeya. In ya motsa, sai ya ji gurnani har cikin haƙarƙarinsa. Ya gwada tsawa, a banza. Ya koma lallashi, har da "ranka ya daɗe". Awa biyu cur, maƙwabta sun yi layi a kan katanga.

Da Yaya ta dawo, a hankali ta ce, "Taso, ɗan kirki." Kare ya miƙe yana kaɗa wutsiya.

Na-Iya ya tashi yana kakkaɓe riga. "Jama'a, gwaji ne. Ɓarawon ƙarya na yi masa."

Yaya ta ƙura wa ƙafarsa ido.

"Auta, ba takalmin maigidana ba ne wannan, da muke nema tun bara?" Ta shafa kan karen. "Kai ne kake gwaji. Shi aikinsa ya yi."