Maigadin Tsohon Soro

Wani ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Tsanyawa, irin mutanen nan da in ka aike su sayo gishiri sai su dawo maka da labarin kasuwa. Gidansa na jikin wani tsohon soro na ƙasa, wanda aka ce tun kakannin kakanni a nan fatake suke yada zango. Soron ya tsattsage, jemagu sun mai da shi gidansu, amma dai yana tsaye.

Ran nan sai ga motar ƙaramar hukuma. Malam Ja'afaru, jami'in kula da kayan tarihi, ya sauko ya zaga soron yana shafa bango kamar mai taya bijimi a kasuwar shanu. Ya shaida wa mai unguwa cewa hukuma ta sa ginin cikin abubuwan da za ta adana, ana neman mai gadi. Da yake mutumin namu ne maƙwabci, kuma ba ya zuwa ko'ina, sai aka ba shi. Malam Ja'afaru ya ja masa kunne, ya ce kada ya bari kowa ya taɓa ginin nan.

To, aiki ya samu mai shi. Tsofaffin da suka saba jingina da bangon suna shan inuwa bayan azahar, ya tashe su. Akuya ta zo sosa jikinta, ya bi ta har bayan gari. Ƙadangaru ma ba su tsira ba, danƙo ya ɗaura musu. Matarsa Kulu ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinta ba, ga shi yanzu yana gadin na jemagu.

Ana nan sai wasu ɗalibai suka zo daga Kano ɗaukar hoto. Ɗaya ya ɗaga kai ya ce, "Amma fa ginin nan ya tsufa." Maganar ta soki mutumin. A gabansa, a ce wa ginin da yake gadi tsoho? Bai gama hucewa ba sai Malam Ja'afaru ya bugo waya, ya ce Ciyaman zai kawo manyan baƙi bayan salla, a gyara wurin sosai kada a ji kunya. Shi shara yake nufi da yayyafa ruwa.

Mutumin ya zarce gun Sabo magini, ya ce umarni ya zo daga sama, gyara za a yi. Sabo ya tuna masa ai an ce kada kowa ya taɓa.

Ya ce, "Kowa aka ce. Ni kowa ne? Ni maigadi ne."

Jin an ambaci hukuma, gari ya fito gayya. Aka kwantar da soro. Sabo ya kawo ragowar bulon da ke gidansa, aka ja gini, aka buga kwano, aka shafe shi da shuɗin fenti har yana ƙyalli.

Ranar zuwan baƙi, mutumin ya ci babbar riga ya tsaya a ƙofa yana washe baki. Motoci suka wuce shi, suka kai ƙarshen gari, suka juyo. Malam Ja'afaru ya leƙo ya tambaye shi ina soro. Ya nuna da hannu biyu.

Malam Ja'afaru ya fito daga mota. Ya tambayi azarun rufi, mutumin ya ce Kulu ta yi turakun awaki da su. Ya tambayi ƙasar bangon, ya ce yana gonarsa, ai babu takin da ya kai tsohuwar ƙasa, in Allah ya kai mu kaka za a ga gero.

Ciyaman ya cire tabarau ya ce, "Bawan Allah, ka san abin da ka yi kuwa? Tsufan nan nasa shi muka kwaso baƙi su gani."

Mutumin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in don wannan ne a ba su kujeru su zauna. Wancan ɗin ma ai ba da tsufansa aka gina shi ba."