Yadda Za Ka Zille wa Waƙar Suhaila Kafin Alhamis

Hatim, da kai nake, da duk wani yaya irinka a unguwar Tandabawi ta Makka. Sau uku ƙanwarka Suhaila ta tare ka da takarda a hannu, sau uku ka kau da kai. Waƙar Faransanci ce da marigayi kakanku ya rubuta a Damagaram kafin ya taho Makka. Ita ta tsara mata muryoyi huɗu, ba ganga ba garaya. Makarantar kiɗan da take nema ta ce a turo rikodin kafin Alhamis. Ga ita, ga ƙawarta Nuha, ga ɗan baffanku Hisham. Saura murya mai kauri, kuma a gidan kai kaɗai ke da ita. Tunda zillewa ka zaɓa, bi waɗannan matakai. Nasara tabbas ce.

1. Ka ce ba ka da murya

Faɗa da ƙarfi, yadda za a ji har can unguwar Ka'akiyya. Kada wani ya tuna maka cewa kowace shekara a Arfa kai ke kiran alhazai su hau bas, ba lasifika.

2. Ka fake da Faransanci

Ka ce, "Ke, Hausar ma da ƙyar nake haɗa ta." Idan ta nuna maka kalma shida ce kawai rabonka, sauran duk gunji ne, ɗora waya a kunne ka ce mudir, shugaban wurin aikinka, ke kira. Masana sun tabbatar wayar da ba ta yi ƙara ba ta fi saurin ɗauka.

3. Idan an ritsa ka, ka zama ɗan amshi

Nan gwaninta take. A irin wannan waƙa kowa da layinsa, kuma lokaci guda ake tafiya. Kai kuwa yi yadda aka saba a gidan biki: jira Suhaila ta dire baiti, sannan ka maimaita.

Za ta ce, "Yaya, tare za mu shiga!"

Ka ce, "In katse ki kina magana? Abadan. Ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

In ta matsa, saki layinka ka bi Nuha har can sama, sai Hisham ya fashe da dariya, a sake daga farko.

4. Ka yaba, ka ce bukra, wato sai gobe

"Masha Allah, yarinyar nan za ta yi nisa." Shi ke nan. Mun ƙware a nan: mu yaba, mu sha shayi, mu bar yarinya ta yi nisan ita kaɗai.

5. Ka guji idon Inna Ramlatu

Mataki mafi wuya. 'Yar marigayi kakan naku ce, takan ja kujera bakin falo idan an fara. Jiya na ji ta ce wa Suhaila, "Babana ya rubuta, shekara arba'in littafin na akwatina, ban taɓa jin yadda yake fita a baki ba." In ka ji irin wannan, duba silin.

Gargaɗi: ban ɗauki alhakin komai ba. Idan Alhamis ta wuce da muryoyi uku, makarantar ta ɗauki wata yarinyar, kada ka ce ni na koya maka. Kai za ka ci gaba da cin abinci faranti ɗaya da Suhaila, ba ni ba.

Yau Talata. Suna falo bayan la'asar. Ajiye wayar nan, ka je ka karɓi takardarka.