Tafkin da Launinsa Ya Rage a Takarda

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido ta Gundumar Nallabie, Uban Baƙi, Garkuwan Tafki, ta hannun jaridar mako ta garinmu, tunda ƙofar ofishinka ba ta buɗuwa sai ga mai ɗauke da kyamara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai kujera mai juyawa, da fatan ka dawo lafiya daga taron ƙara wa juna sani da ka je babban birni, sunana Glenys Trewin. Na san ka san ni, domin ni na koya maka ɗaura igiyar takalmi a aji ɗaya. Amma tunda takardar da ofishinka ya aiko mini ranar Litinin ta kira ni "Mai Sa-kai Lamba Huɗu", gara in gabatar da kaina yadda ya kamata.

Shekarata saba'in da uku. Shekara goma sha tara ke nan ina zaman teburin Ɗakin Maraba da Baƙi duk Talata da Alhamis da Asabar, ba a biyana ko sisi, sai 'yar falmaran mai ruwan hoda da kofin shayi. Ba na ƙorafi. Tun da maigidana ya rasu, teburin nan ne ke sa ni in tashi in yi wanka in taje kaina, kuma ba na jin kunyar cewa ina son sa kamar raina. Takardarka ta ce kafin Juma'a in sa hannu cewa ba zan ƙara gaya wa baƙo komai game da tafki ba sai "kalmomin da aka amince da su", ko kuwa in mayar da makulli da falmaran. Na gode da aka ba tsohuwa zaɓi. Kafin in zaɓa, ka yi mini izini in kawo wasu 'yan koke-koke, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina taya hukumarka murnar hoton Tafkin Ruwan Hoda da ke kan takardar talla. Kai, hoto ya yi kyau! Ruwa jawur-jawur har bakin sararin sama, ga wata budurwa tsaye da malafa tana dariya. Budurwar nan 'yar maƙwabciyata ce, yanzu jikokinta uku, gwiwarta ɗaya ma ta roba ce. Ita dai ta yarda ta tsufa, hoton ne ya ƙi. Ranka ya daɗe, rabon tafkin nan da yin ruwan hoda shekara goma sha ɗaya. Kowa a Nallabie ya san dalili, har karnuka. Hukumarka ce ta cike mashigin da ruwan teku ke bi yana shiga tafkin, ta shimfiɗa hanya a kai domin manyan motocin baƙi su isa har baki. Gishiri ya daina shiga, ruwan sama ya cika wurin, launi ya tafi. Wato kun yi wa mutane hanyar zuwa kallon abu, hanyar kuma ta kashe abin. Wace makaranta ake koyar da irin wannan basira? Ina tambaya ne don in tabbatar ba tawa ba ce.

Na biyu. Allon da kuka kafa a babban titi ya ce, "Ratso kaɗan, nan kusa ne." Mu 'yan nan mun san ma'anar nan kusa. Duk tafiyar da ba ta kai awa huɗu ba, a wurinmu nan kusa ce, mukan yi ta don cire haƙori mu dawo mu ci abincin rana. Amma baƙon da ya sauka daga jirgi shekaranjiya bai san haka ba. Sai ya ratso, ya sha kilomita ɗari da arba'in na hanyar birji marar kwalta, yara na kuka a baya, tayar gaba na neman fashewa. Ya iso, ya buɗe ƙofa, ƙudajen Nallabie su tarbe shi, waɗanda su kaɗai ne ma'aikatan gundumar nan da ba sa zuwa hutu.

Na so a ce ka taɓa tsayawa a dandamalin kallo ka ga abin da ke biyo baya. Mutum zai dubi takarda, ya dubi tafki, ya sake duban takarda. Ruwa ga shi nan shimfiɗe, launin ruwan wanke-wanke, yana ɗan wari. Daga nan sai ya tako har teburina, da ladabinsa, ya ce, "Baba, don Allah ina hanyar tafkin?" Ni kuma in nuna masa inda ya fito. Wani ango ya taɓa tambayata ko akwai wani tafkin a bayan wannan. Amaryar kuwa ta koma mota ta zauna a kujerar baya.

Na uku. Ba zan zama mai butulci ba, hukumarka ta ɗauki mataki. Ta sayi fenti. Ban-ɗakin jama'a ruwan hoda, kwandunan shara ruwan hoda, bencunan zama, turakun fitila, har tankin ruwan makabarta. Mai gidan burodi ya bi sahu, yanzu ba ka samun kek a garin nan sai mai ruwan hoda. Duk abin da ba ya motsi a Nallabie an shafe shi, abu ɗaya kawai ya rage, shi ne tafkin.

Sai bara kuka kawo gwanar talla daga birni, ta kwana biyu, ta ba da shawarar da ta fi kowace. Aka kafa faifan gilashi mai ruwan hoda a kan dandamali, aka rubuta a ƙasa, "Ɗauki hotonka ta nan." Ranar buɗewa kai da kanka ka yanka ƙyalle, aka gasa naman sosej, aka tafa. Raelene, abokiyar zamana a tebur, wadda bakinta ba shi da birki, ta leƙa ta gilashin ta ce, "Glenys, zo ki gani, har Shugaba ma ya yi ruwan hoda. Da tabarau suka raba wa mutane tun daga titi, ai da kowa ya huta." Na taka mata ƙafa. Yau ina neman gafararta a gaban jama'a.

Na huɗu, kuma a nan laifin ya haɗa da ni. A ƙarƙashin teburinmu akwai wani kati da ofishinka ya manna. Kalmomin da aka amince da su ke nan: "Launin tafkin yana zuwa ne da lokaci." Idan baƙo ya zo da zafin Fabrairu, kati ya ce a gaya masa ya dawo a Yuli, bayan an yi ruwa. Idan ya zo da sanyin Yuli, a gaya masa ya dawo a Fabrairu, lokacin da gishiri ke tashi. Wanda ya tsara katin nan ya san aikinsa, domin ya lissafa cewa babu mai hankalin da zai sha wannan birjin sau biyu. Shekara goma sha ɗaya ina karanta shi da murmushi, ina haɗawa da biskit. Nakan ce wa kaina ai garin ne ke ci, mai gidan mai ya sayar, mai masauki ya samu. Ban taɓa rasa barci a kai ba, Allah ya sani.

Na biyar. Lissafin ya kuskure a kan mutum ɗaya. Sunansa Alwyn Prosser, tsohon direban jirgin ƙasa, shekara tamanin da ɗaya. Fabrairun bara ya iso da matarsa Thelma, suna jaye da ɗan ɗakin kwanansu a bayan mota, tafiyar kwana biyu daga garinsu. Thelma 'yar firit ce, da ɗankwali a kai, irin ɗaurin waɗanda magani ya zubar wa gashi. Ta zaro takardarku daga jaka, duk ta yi laushi, ta ce shekara shida tana manne a jikin firjinta. Ta ce da ni, "'Yar'uwa, mun makara ne ko mun yi sauri?" Na dubi kati. Na ce su dawo a Yuli.

Ranka ya daɗe, suka dawo. Ranar Asabar ce, ana yayyafi, Thelma na cikin keken guragu lulluɓe da bargo. Alwyn ya tura ta har dandamali, suka daɗe, sannan suka shigo shan shayi. Ya cire hula ya ce, "Hala bana ruwan ne ya yi yawa?" Raelene ta dube ni, ni na dubi butar shayi. Na buɗe bakin nan nawa da na yi shekara talatin ina hana yara ƙarya da shi, na ce Fabrairu ya fi tabbas. Thelma ta yi dariya ta ce, "Ka ji ko, tsoho? Sai ka riƙe ni har Fabrairu."

Makonni uku da suka wuce ya shigo shi kaɗai. Ya ajiye wani ɗan akwatin katako a kan teburina, a hankali, da hannu biyu. Thelma ta rasu, an ƙone gawarta yadda wasu ke yi a nan, tokarta ce a ciki. Ta bar wasiyya a zuba ta a tafkin ranar da ya yi launi. Ya ce ya je dandamali tun da safe, ya jira rana ta ɗaga, ya jira ta karkata, ko launin na fitowa da wata sa'a. Sannan ya ce, "Yi haƙuri da damunki, baiwar Allah. Wane mako ne ya fi?"

Ban dubi kati ba. Na gaya masa komai: mashigi, hanya, gishiri, shekarar da aka ɗauki hoto, da abin da ke manne a ƙarƙashin tebur. Na gaya masa sau biyu na yi musu ƙarya ido da ido. Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Bai zage ni ba. Ya shanye shayinsa, ya wanke kofin da kansa, ya ɗauki akwatin ya sa a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel ɗin kujera. Ni kuwa na shiga ɗakin ajiye tsintsiya na yi kukan da ban yi irinsa ba tun jana'izar maigidana.

Na shida. Bawan Allah nan, da ya isa gida, sai ya rubuto wa hukumarka takardar godiya. Ya ce a yaba wa dattijuwar teburin Alhamis, domin ita ce ta fara gaya masa gaskiya. A tunaninsa lambar yabo za ku ba ni. Ta haka kuka ji labari, kuma cikin kwana huɗu kuka amsa, ba shi ba, ni. Ina jinjina wa wannan hanzari. Takardar da mutanen gari suka sa wa hannu a kan a fasa hanyar a sa kwalbati ruwan teku ya koma, shekararta bakwai a ofishinka ana nazari. Ashe dai hukumar na iya sauri idan abin ya kai a yi sauri. Kun ce na "zubar da ƙimar gundumar a idon baƙo". Wace ƙimar, ranka ya daɗe? Ta jikin ban-ɗaki, ko ta jikin gilashi?

To, ga amsata, don kada ka wahalar da kanka da jiran Juma'a. Ba zan sa hannu ba. Na wanke falmaran na goge ta, makulli na cikin ambulan, Raelene za ta kawo maka da safe. Ban san abin da zan yi da Talata da Alhamis da Asabar ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin yana ba ni tsoro. Amma na gwada tunanin wata Thelmar ta shigo ta tambaye ni, na ga bakina ba zai ƙara iyawa ba.

Saura roƙo ɗaya, shi ne ainihin dalilin wannan doguwar takarda. Jiya Alwyn ya bugo mini waya. Bai san zan bar teburin ba, ni ma ban gaya masa ba. Ya ce Thelma na nan cikin akwatinta bisa kantar falo, kusa da rediyo. Ya ce likita ya gaya masa bana ce shekararsa ta ƙarshe ta tuƙa mota. Sai ya ce, "Glenys, ke ba kya ɓoye mini. Za su buɗe mashigin nan? In jira, ko kar in jira?"

Na ce masa wannan ba ni da amsarsa, amma na san mai ita, kuma zai kira shi. Ka gafarta mini da na yi alkawari da sunanka. Lambar wayarsa na cikin ambulan tare da makullin. Yakan tashi da wuri, kunnensa na dama ne mai ji, sai ka ɗaga murya. Na kuma ɓamɓaro katin daga ƙarƙashin tebur na haɗa maka, ko za ka buƙace shi. Idan Yuli za a ce masa, ranka ya daɗe, wannan karon ka faɗa da bakinka.

Allah ya ƙara wa kujerarka laushi, ya sa fenti ya yi araha.

Taka mai biyayya, iyakar inda biyayya ta tsaya,

Glenys Trewin
Gida na ƙarshe kafin makabarta,
Nallabie