Yadda Za Ka Ɗora wa Jirgin Farum Laifin Makararka

Idan kana cikin masu isa ofis bayan kowa ya shanye kofinsa na farko, kwantar da hankalinka. Matakai bakwai ne kacal, kuma na ba ka tabbaci, in ka bi su daki-daki, za ka riƙa makara har a riƙa ba ka haƙuri a kai. Ba a littafi na karanta ba. Shekara ashirin da uku ke nan ina hawa jirgin ƙasan nan mai jan fenti daga Farum zuwa Nørreport, kuma a kan idona maƙwabcina Troels Vestergaard ya yi wata goma sha huɗu yana makara, ba wanda ya ɗaga masa murya. Da shi za mu yi karatun.

Mataki na ɗaya: Samo dalilin da ya cancanci ƙarya

Barci ba dalili ba ne, kowane rago yana da shi. Nemi abin da ranka ke so da gaske.

Troels yana da shekara hamsin da huɗu, yana aiki a wani kamfanin sayar da bututu da kan famfo. Da likita ya ce jininsa ya hau, matarsa Gitte ta shiga kicin ta yi shara. Man shanu ya tafi, sukari ya bi shi. Karin kumallo ya koma baƙin burodi da yankan kokwamba. Troels ya yi mako uku yana taunawa yana kallon bango.

Wata Talata jirgin takwas saura kwata ya tsaya a Vangede, ƙofa ta buɗe, iska ta shigo da ƙamshin gidan burodin Preben da ke bayan tasha. Troels ya rantse mini bai san lokacin da ya miƙe ba. Ganin kansa kawai ya yi a ƙasa, jirgi na tafiya ba shi. Ya ci naɗaɗɗen burodi mai kirfa da man shanu, da zafinsa, ya kora da kofi. Jirgi ɗaya ya wuce, ya hau na biyu, ya isa ofis tara saura minti goma maimakon takwas da rabi. Washegari ya sake. Jibi ma haka.

Mataki na biyu: Haddace layinka

Kada ka ce "jirgi ne ya makara" ka yi shiru. Wannan ƙaryar 'yan koyo ce. Ƙarya mai lafiya tana da sunan tasha.

Allah ya yi mana gata da dajin Hareskov, yi amfani da shi. Lokacin zubar ganye, ka ce jiƙaƙƙen ganye ya sa dogo santsi. Da hunturu, ƙanƙara ta daskarar da mahaɗar dogo kafin Buddinge. Da bazara, ana gyaran wayar lantarki. In an shiga lokacin da iyaye ke fita da kekuna, ka ce wata mata ce kekenta ya maƙale a ƙofa.

Barewa a kan dogo kuwa, sau ɗaya a shekara. Na nanata, sau ɗaya. Troels ya taɓa fito da ita sau biyu a wata guda, sai da wani a ofis ya tambaye shi ko ita ɗin ce dai ta wancan makon, ko ƙanwarta.

Mataki na uku: Shiga da fuskar wanda aka zalunta

Karkaɗe gemunka tun a matakala, sukari yana da tonon asiri. Shigo da sauri, hula a hannu, ka saki numfashi mai nauyi. Kada ka nemi afuwa. Wanda aka cuta ba ya neman afuwa.

Shugabar ofishinsu, Dorte Kragh, da keke take zuwa aiki, rabonta da jirgin safe tun tana ɗaliba. Irin wannan shugaba kyauta ce daga sama.

"Yau kuma me ya faru, Troels?"

"Bari kawai, Dorte. Minti goma sha takwas muna tsaye a Emdrup, ko uffan ba wanda ya ce mana."

"Kai, mutanen nan ba su da tausayi! Zauna ka huta. Ka ci wani abu kuwa?"

"Kokwamba," in ji Troels, ya sunkuyar da kai.

Ka lura, a nan bai yi ƙarya ba. Gwanin gaske yakan ɗan yayyafa gaskiya a sama, don ƙamshi.

Mataki na huɗu: In aka titsiye ka, kada ka ba laifin fuska

Wannan matakin shi ne Troels ya karya, shi ya sa na rubuta shi da babbar murya.

A ofishin akwai Aksel, mai kula da sito, wanda ke hawa layin nan daga Buddinge tun da sassafe, kuma ya san jadawalin jirage fiye da ranar haihuwar 'ya'yansa. Ya daɗe yana jin labaran nan yana haɗiyewa. Ran nan dai ya ɗaga wayarsa a gaban kowa.

"Abin mamaki. Nan an nuna na takwas saura kwata ya iso daidai, ko daƙiƙa bai ƙara ba."

Kowa ya juyo yana kallon Troels. Da ya ce cikinsa ne ya murɗa, da magana ta mutu a wurin. Amma sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ai dole ya iso daidai, tunda ba ni a ciki! A Farum direbar ta rufe mini ƙofa a fuska. Tana kallona fa. Har murmushi ta yi."

Aksel ya mayar da wayarsa aljihu. Waya ba ta nuna murmushi.

Ƙaryar ta yi daɗi har Troels ya kasa rabuwa da ita. Sau tara ya maimaita ta a wata biyu, kullum yana ƙara mata gishiri. Ganye ba ya da suna, barewa ba ta da lauya. Direba kuwa mutum ce, tana da takardar aiki.

Mataki na biyar: Ji tsoron shugaba mai kirki

Mugun shugaba zai yi maka faɗa ya manta. Mai kirki zai shigar maka faɗa.

Wata Litinin Dorte ta tare shi a ƙofa, fuskarta cike da fara'a.

"Na yi maganin abin. Na rubuta wa hukumar jirgin takardar koke, shafi uku, a kan takardar kamfani. Na sa ranakun duka tara, da lokacin jirgin, da sunanka. Har na kwatanta ka, na ce dogo ne mai jiki, mai koriyar hula."

"Ai da ba ki wahalar da kanki ba," in ji Troels, muryarsa ta siranta.

"Wace wahala? Ba za a riƙa wulaƙanta mini ma'aikaci ina kallo ba."

Ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Ya gaya wa kansa irin takardun nan dubu ake aikawa, ba mai karantawa. Shawarata a nan ita ce ka yi abin da ya yi: kada ka yi komai, ka ci gaba da sauka a Vangede.

Mataki na shida: Zauna kana kallon ƙofa

Shi kuwa Troels, a gidan burodin Preben ya zauna ya ba ƙofa baya. Ranar Alhamis ta mako na biyu, ya kai burodi baki ke nan, wata mata ta ja kujerar gabansa ta zauna. Gajera ce, furfura ta cinye kanta, ba ta cire rigar ruwanta ba.

"Kai ne Troels Vestergaard?"

Ya gyaɗa kai, baki cike.

"Ni ce mai murmushin. Sunana Bodil."

Troels ya tsaya da tauna. Preben ya daina goge tebur.

"Ci abinka, kar ya huce," in ji ta. "Shekara talatin da takwas ina jan jirgi. Babana ya ja shi a layin nan tun kafin a sa masa wutar lantarki. Ba a taɓa rubuta koke a kaina ba, ko na layi ɗaya. Saura wata huɗu in yi ritaya, sai ga shafi uku. An sauke ni daga jirgi har a gama bincike. Kwana shida ke nan ina zaune a gida, mijina yana tambayata ko da gaske ina yi wa fasinja dariya."

"Wataƙila kuskure aka yi, wata direbar ce..."

"Dogo mai jiki, mai koriyar hula. Ina karantawa na gane ka. Duk safiya ina ganinka a Vangede, kana dirowa daga tarago na biyu kamar an kunna maka wuta. Na ɗauka wata uwa gare ka mara lafiya a unguwar nan. Har tausayinka nake ji, wallahi. Ashe kirfa ce."

Troels ya ajiye burodin. Ya gaya mini a duk watannin nan bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai mutum a gaban jirgin ba. Yanzu ga ta, idonta ya yi ja, tana juya zoben hannunta.

"Na cuce ki," ya ce.

"Ka cuce ni. Za su duba hotunan tasha su gane, amma sai nan da mako uku, kuma takardar za ta zauna a fayil ɗina. Ni ba haka nake so in fita ba. Tashi."

"Ina za mu?"

"Ofishinku. Akwai jirgi nan da minti huɗu, kuma kan lokaci zai zo."

Mataki na bakwai: In ta ɓaci, amsa laifi a tsaye

A gaban teburin Dorte ya tsaya ya zayyana komai, ganyen, ƙanƙarar, matar mai keke. Aksel ya bar sito ya zo ya jingina da ƙofa don kada ko kalma ta wuce shi.

Dorte ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Na sa hannuna a takardar nan, Troels. Na zagi baiwar Allah da sunan kamfani." Ta juya ga Bodil. "Ki gafarce ni."

"Ke ba ki da laifi. Keke gare ki."

"To barewar fa?" in ji Aksel daga ƙofa.

"Babu barewa."

"Ko guda?"

"Aksel, koma sito," in ji Dorte.

Ba a kore shi ba, amma da ƙyar. An ba shi takardar gargaɗi, ya rubuta wasiƙar janye koke da hannunsa, Bodil ta karanta ta sau biyu, ta sa ya ƙara kalmar "ƙarya" inda ya rubuta "rashin fahimta". A matakala ya ɗan riƙo hannun rigarta.

"Don Allah abu ɗaya. Matata ba ta sani ba."

"Ni jirgi nake ja," in ji Bodil. "Ina ruwana da gidanka?"

Ranar Litinin Bodil ta koma bakin aiki. Ina cikin tarago na biyu a safiyar. Jirgi ya tsaya a Vangede, ƙofa ta buɗe, sai lasifika ta yi ƙara, muryar mace ta fito a natse:

"Vangede ke nan. Mai koriyar hula, zauna abinka."

Mutanen layinmu ba sa dariya da safe, amma ranar sai da wani tsoho ya rufe fuska da jarida. Talata ta sake. Laraba ta sake. Troels ya bar hular a gida, sai ta koma cewa, "Vangede. Dogo, na gan ka." Kafin mako biyu, mutanen da bai taɓa yi wa magana ba suna ɗaga masa gira tun daga Buddinge. Wata mata ma takan miƙe ƙafa ta tare hanya. Abin mamaki, bai canza tarago ba. Ya ce hakkinta ne, ta ci.

Sai wata Juma'a Gitte ta ce za ta bi shi gari, tana da ganin likitan haƙori. Troels ya ba ta shawarar na takwas saura minti biyar, ya ce ya fi sarari. Ta ce wannan ma ya yi. Ya zauna kusa da ita yana addu'ar Allah ya sa yau hutun Bodil ne.

Jirgi ya tsaya. Lasifika ta yi ƙara.

"Vangede ke nan. Barka da asuba, Troels. Yau na gan ka da rakiya, sai in huta."

Tarago ya fashe da dariya. Gitte ta dubi lasifikar, ta dubi mutane, sannan ta rufe littafinta a hankali ta sa a jaka.

"Troels."

"Na'am."

"Me ke akwai a Vangede?"

Tsakanin Vangede da Nørreport tafiyar kusan kwata ce. Ya ce mini bai taɓa sanin layin nan yana da tsawo haka ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai aiki kowa ba, bai kuma san ka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya samu takardar gargaɗi, ko ya koma kwana a kan kujerar falo, shi da ƙafafunsa. Kada a kawo mini ƙara gida, kada a tare ni a tasha. Wanda kuma aka kira sunansa a lasifika, ya amsa da bakinsa, ni a lokacin taga nake kallo.