An Canza Tiya Ana Tsakiyar Awo

Jama'a, ku taya ni murna, na zama malamin jami'a ban sani ba. Ranar kasuwar Yankara da ta wuce ina tsugune ina auna wa wani mutumin Sabuwa masara, na kai tiya ta ashirin da bakwai, sai ga wani bawan Allah da kwat da fayil a hammata ya tsaya a kaina. Ya ce jami'a ce ta aiko shi ya duba ni, ko ni ne Malam Almu ma'auni? Na ce ni ne. Ya ce in nuna masa manhajata. Na ce wace manhaja ce kuma? Ya ce tsarin abin da nake koyarwa mako-mako, a rubuce. Na miƙa masa tiya. Garin wannan surutun lissafi ya ƙwace mini, mutumin Sabuwa ya rantse a ashirin da biyar muke, dole muka zazzage buhun muka sake tun daga fari.

Bari in warware muku yadda aka haihu a ragaya. 'Yata Shafa'atu ta yi shekara huɗu a jami'a tana karatun kimiyya da koyarwa. A can kowane kwas da nauyinsa, wani biyu, wani uku, abin da suke kira yunit. Wanda ya tara ɗari da ashirin ya fita. Ni da aka yi mini bayani ban sha wahalar ganewa ba, ai awo ne, tiya arba'in buhu ya cika a ɗinke. Yarinyar nan ba ta taɓa faɗuwa ko sau ɗaya ba, ta cika buhunta cif.

Kuma aiki na jiran ta. Makarantar 'yan mata ta garinmu Tafoki shekara biyu ke nan ba mai koyar da kimiyya, domin duk wanda aka turo daga birni, da ya ji labarin hanyarmu sai ciwon baya ya kama shi. Shugaban makarantar, Malam Nata'ala, ya yi ta safa da marwa har aka ba shi gurbi guda, da sharaɗin ya cike shi da mai takardar digiri kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba a mai da gurbin wani gari. Ya ce da ni, “Alhaji, ɗiyarka ni ke jira, ita ce ba ta gudu ta bar mu.” Ni ban je Makka ba, amma ranar ban gyara masa ba.

Sai sunayen masu fita suka fito, babu Shafa'atu. Ashe Masu Girma Iyayen Manhaja sun zauna a Majalisar Jami'a sun yi gyara. Wani kwas da ta yi tun tana aji biyu, mai nauyin uku, an canza wa tuwo suna, an rage shi ya koma biyu, sannan aka koma baya aka sake auna kowa da sabuwar tiyar. Buhunta da aka riga aka ɗinke ya wayi gari ɗari da goma sha tara.

Na wanke babbar rigata na shiga mota. Ba zan ba ku labarin hanya ba, masu ƙugu sun sani. Ofis na farko aka ce ba nan ba ne, na biyu aka ce mai wurin ya tafi taro, a na huɗu na sami babban mai riƙe da takardun ɗalibai, Garkuwan Fayil da kansa, yana shan shayi a ƙarƙashin na'urar sanyi. Na gaishe shi na karanta masa damuwata. Ya yi murmushi irin na masu ilimi ya ce, “Baba, duniya ta ci gaba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, gaskiya ne. Amma ɗiyata ta gama rawar nan tun shekara biyu da suka wuce, har ta zauna ta sha ruwa. Yanzu mi za ta canza?”

Ya ce wannan magana ce ta kwamiti. Kwamitin sashe zai miƙa wa na tsangaya, na tsangaya ya miƙa wa babban kwamiti, shi kuma ya kai Majalisa. Na ce to ina babban kwamitin in gaishe su? Ya ce suna wani otal a babban birni, mako biyu, suna nazarin yadda za a rage wa ɗalibai ɓata lokaci. Wallahi na jinjina musu. Mutum ya bar iyalinsa ya je ya kwanta a kan katifar otal saboda 'ya'yanmu, Allah Ya saka da alheri.

Bayan wata guda hukunci ya fito. Tunda yunit ɗaya take nema, akwai sabon kwas mai nauyin ɗaya a sabuwar manhaja, sunansa koyon sana'a. Ɗalibi zai nemi mai sana'ar hannu ya zauna a wurinsa mako goma sha biyu, mai sana'ar ya ba shi maki ya sa hannu. Shafa'atu ta tambaya ko uba zai iya zama mai sana'ar. Aka buɗe manhaja aka duba gaba da baya, aka ce ba ta hana ba. To kun ji yadda aka yi na hau kujerar malanta.

Maƙwabcina Gide mai faci bai bar ni na sha iska ba. Ya ce, “Almu, shekara huɗu kana kai yarinya jami'a, jami'a ta maido maka ita ta koyi awo? Da ka hwaɗa mani tun hwari, ai da na ba ka wannan shawara kyauta.” Na ce ya ji da tayoyinsa. Muka yi dariya, amma ni tawa ta ciki na ciki. Ranar da 'yan matan makarantar Malam Nata'ala suka biyo ta rumfata, ɗaya ta ce, “Anti, yaushe za ki fara koya mana?” na ga Shafa'atu ta sunkuya tana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ya ku Masu Girma, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ban ce kada a taɓa manhaja ba, mu ma muna canza tiya a kasuwa. Amma shekarar da aka canza tamu, sai da sarkin awo ya sa aka yi shela kasuwa uku a jere. Kuma doka ce da kowane ma'auni ya sani, buhun da aka fara da tsohuwar tiya da ita ake ƙarasa shi. Wanda aka kama ya musanya tiya ana tsakiyar awo, a nan take za a ƙwace ta, kuma sunan da za a kira shi da shi ba zan rubuta a jarida ba. Mu da ba mu da ko digiri ɗaya a rumfa mun san wannan. Ku auna sababbin shiga da sabuwar tiyarku, wa ya hana ku? Ku kuma masu 'ya'ya a jami'a, gemuna ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Mu koma kan baƙona mai kwat. A ranar ne mako na goma sha biyu ya cika. Da muka sallami mutumin Sabuwa, ya zaro fom ya ce in ba ɗalibata maki. Kafin in karɓi biro na ce, “Malam, tsakaninka da Allah, kwas ɗin nan har yanzu nauyin ɗaya ne?” Ya ce, “Zuwa safiyar yau dai haka yake, amma Majalisa za ta zauna ranar Laraba.” Ban san ina da saurin rubutu ba sai ranar. Na roƙe shi ya shiga motar farko, har na riƙe masa fayil zuwa tasha, domin saura mako uku a ƙwace gurbin da aka ba Malam Nata'ala.

Yana zaune a mota ya duba fom ɗin ya leƙo ta taga. “Baba, casa'in da tara ka ba ta. Ta yi wani kuskure ne?”

Na ce ko ƙwayar masara ba ta zubar ba. Maki ɗayan da ya rage ni na riƙe. In Masu Girma suna son ya cika ɗari, rumfata tana nan a Yankara, su zo su tsuguna mako goma sha biyu su nema.