A Miƙe Inda Ya Lanƙwashe

Wani ne Allah ya haɗa shi da suruki tsohon ɗan badujala. Shekara biyu da aure, tsohon bai taɓa aikensa ko sayen ashana ba. In aka yi maganarsa sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan? Hmm." Shi ke nan.

Rannan kwatsam sai ga kira. Mutumin ya je ya durƙusa a ƙofar falo, kai a ƙasa. Tsohon ya sauko da akwati daga kan kabad, ya fito da ƙahon busa na tagulla, irin na da. Bututunsa ya nannaɗe zagaye uku kamar maciji na shan hantsi, bakinsa kuma wangame kamar mazurari.

"Jibi za mu haɗu da tsofaffin abokan busa," in ji tsohon. "Ƙahon nan ya faɗi ƙasa. Ka kai a miƙe inda ya lanƙwashe. Ka ga wurin?"

Yana nuna ɗan wuyan da ake sa baki, wanda ya karkace kaɗan. Amma kunyar suruki ba ta bar mutumin ya ɗaga ido ba.

"Na gani, Baba."

A bakin ƙofa matarsa ta riƙo masa riga. "Don girman Allah, maigida, yau dai ka fitar da ni kunya. Ƙahon nan Baba ya fi son sa da mu."

Sai da ya sha kwana ya buɗe akwatin. Ya duba ta nan, ya duba ta can. Ya dafe kai.

"Innalillahi! Wannan ai ba faɗuwa ba ce, tirela ce ta bi ta kansa!"

Bai zame ko'ina ba sai rumfar mai walda.

"A miƙe min shi."

Mai walda ya ture baƙin gilashinsa sama, ya jujjuya abin. "Malam, ina da ina?"

"Kai ka ga inda bai lanƙwashe ba?"

"Ni dai gani nake kamar haka aka ƙera shi."

"Haka aka ƙera shi! Wane maƙeri ne zai zauna ya ƙera abu a murɗe? In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa."

Mai walda ya ce, "Ni?" Ya kunna wuta.

Yana gasawa, mutumin na ja. Zagaye ɗaya ya warware, ƙaho ya kai bakin rumfa. Na biyu ya warware, ya tsallake kwata.

"Ja, Malam! Akwai saura!"

Kafin na uku ya ƙare, sai da tela na tsallaken hanya ya janye kekensa. Mita huɗu cif. Mutumin ya kanne ido ɗaya ya leƙa ta ciki, ya ce, "Yauwa. Har ana hango gari."

Ya tsai da tasi. Direba ya leƙo ya ce, "Eriya ce ko sandar tuta?" ya ja motarsa. Dole mutumin ya saɓa ƙahon a kafaɗa ya taka da ƙafa. Wani ya gaishe shi, ya juya ya amsa, ya share wa mai jarida teburi. Ya juya ya ba da haƙuri, ya cire wa ɗan sanda hula.

A gidan suruki kuma ƙaho ya ce shi bai san kwanar matakala ba. Sai mutumin ya zagaya ya zura shi ta taga. Tsohon na kishingiɗe yana jin rediyo, ya ga wani siririn ƙarfe ya shigo a hankali, ya wuce labule, ya wuce fanka, ya tsaya daidai hancinsa. Mutumin ya shigo da gudu ya durƙusa.

"An miƙe, Baba. Tas."

Tsohon ya bi ƙarfen da ido har waje. Ya tashi zaune.

"Kai! Ka san abin da ka yi? Shekararsa ɗari ƙahon nan! Tsawon bututun shi ke ba shi murya, naɗin kuma don ya ɗauku ne. Shekara ɗari huɗu baya haka ake fama da su a miƙe, sai da maƙera suka sha wuya suka gano yadda za su naɗe shi, mafarauci ya rataya a kafaɗa. Kai ka warware a wuni guda!"

Mutumin ya ɗago kai, karo na farko, fuska fal murna.

"Ashe ma riba ka ci, Baba! Ɗan shekara ɗari ka ba ni, ɗan shekara ɗari huɗu na dawo maka da shi."